Shekara uku da gama gashi, sai ga nonona yana tauri

Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce, shekarata 46, da 'ya'ya huɗu. Shekara uku da 'yan watanni ke nan aka gano ina da kansar mama a ɓangaren hagu. An yi mini tiyata an cire ƙullutun, ba a cire nonon duka ba, an kuma cire wasu kaluluwa a hammata. Na sha kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, daga baya aka yi mini gashi, wato haska wurin da hasken inji mai ƙona ƙwayoyin kansa, sau 25, da ƙarin 5 a daidai wurin yankan. Lokacin gashin fatar ta yi baƙi ta saluɓe, amma cikin wata biyu ta warke, na ce alhamdulillahi an wuce wurin.

Tun bara na lura nonon yana motsewa yana hawa sama, ya yi tauri kamar an cusa katako a ciki. Fatar ta yi duhu tana sheƙi, ba ta zufa, ga wasu siraran jijiyoyi kamar zare sun fito. In na ɗaga hannu sai in ji ana ja na daga hammata. Ƙanwar maigidana ta ce injin ne ya ƙona ni, likitoci sun yi ganganci. Ni kuma zuciyata tana ce mini ciwon ne ya dawo. Sau biyu ranar ganin likita tana zuwa ina ƙin zuwa, don ba na jin zan iya sake jin wannan kalmar. Maigidan bai san komai ba, a duhu nake canza kaya. Da dare ina gasa wurin da tawul da ruwan zafi, ina kuma shafa man haskaka fata ko baƙin zai ragu. Sai wani ɗan ƙurji da ya fashe a ƙarƙashin nonon, wata biyu bai warke ba, amma ba ya ciwo, ba shi ne damuwata ba. Don Allah ki gaya mini gaskiya, ciwon ne ya dawo?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, sannu kuma da wannan kaya da kika ɗauka ke kaɗai tun bara.

Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙa kika ce ba shi ne damuwarki ba, domin ni shi ne damuwata. Mikin da ya yi wata biyu bai rufe ba, a kan fatar da aka taɓa yi wa gashi, ba ya jiran wani watan. Cikin makon nan nake so ki koma asibitin da aka yi miki magani. Rashin ciwon da kika ambata bai kwantar mini da hankali ba, don tiyata da gashi duk suna dakushe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, har fata ta riƙa lalacewa mai ita ba ta ji ba.

Tambayarki kuwa, babu wanda zai amsa ta daga wasiƙa, kuma duk wanda ya ce miki "ba komai" bai duba ki ba, kada ki saurare shi. Abin da zan iya gaya miki shi ne yadda kika kwatanta lamarin: nono gaba ɗayansa yana tauri a hankali, yana ƙanƙancewa, yana jawuwa sama, a iya wurin da hasken ya ratsa, kuma abin ya soma wajen shekara biyu bayan gashi. Wannan ya fi kama da tabon da gashi ke bari a makare. Kansar da ta dawo ta fi zuwa da ƙullutu guda da ke girma, ko 'yan ƙulle-ƙulle a fata kusa da ɗinki, ko jini daga kan nono, ko kumburin da ke tashi cikin makonni. Na ce "ta fi zuwa", ban ce kullum ba. Su biyun suna kwaikwayon juna ƙwarai, har kitsen da ya mutu a wurin tiyata yakan dunƙule ya yi tauri kamar tsakuwa ya tayar wa mace hankali a banza. Yatsun likita ma ba su isa su raba gardamar ba, sai an ɗauki hoton mama, an yi sikanin, wani lokaci an tsakuri ɗan nama an duba. Gani ya kori ji.

Na san abin da ya ɗaure miki kai. Fatar ta ƙone, ta warke, kin gani da idonki, to me ya tayar da maganar bayan shekaru?

Gashi yana barin illa iri biyu, kuma ba wuri ɗaya suke taɓawa ba. Likitoci sun ja layi a kwana 90: abin da ya fito kafin nan illar farko ce, abin da ya fito bayan nan illar baya. Saman fata ƙwayoyinsa suna hayayyafa da sauri, saboda haka da wuri suke nuna rauni, da wuri kuma sababbi suke maye gurbinsu. Shi ne baƙin da saluɓewar da kika gani, shi ne kuma ya warke cikin wata biyu. A ƙarƙashi kuwa akwai ƙwayoyin da ba sa gaggawa: waɗanda suka shimfiɗe cikin ƙananan hanyoyin jini, da waɗanda aikinsu saƙa tabo. Su ma hasken ya same su, sai dai sun riƙe raunin shiru, yana bayyana kaɗan-kaɗan cikin watanni da shekaru.

Ƙananan hanyoyin jinin suna tsukewa, wasu su toshe gaba ɗaya. 'Yan da suka rage kusa da sama sai su buɗe su faɗaɗa, su ne zaren da kike gani. Masu saƙa tabo kuwa, a lafiyayyen jiki suna tashi aiki in an ji rauni, in wurin ya haɗe su ajiye. Bayan gashi wani sinadarin jiki da ake kira TGF-beta yakan ci gaba da kiransu aiki ba ƙaƙƙautawa, sai su yi ta zuba zaren kolajin a inda babu sabon rauni. Nama mai laushi ya koma tabo, shi kuma tabo halinsa ne ya tsuke ya ja abin da ke kusa da shi. Wannan ne taurin, wannan ne motsewar, kuma da yake tsokar ƙirji da hammata suna kan hanyar hasken, shi ne jan da kike ji in kin ɗaga hannu. Wuraren da ke samar da zufa da maiƙo a fata in sun mutu ba kasafai suke dawowa ba, shi ya sa wurin ya bushe yake sheƙi. Ƙwayoyin launi su ma sun rikice, wani wuri su zuba da yawa, wani wuri su bar fari-fari, kuma a fata mai duhu canjin ya fi fitowa ya fi daɗewa.

A taƙaice, fatar wannan wurin yanzu jininta kaɗan ne, iskar oksijin da ke kai mata kaɗan ce, masu gyaranta ma sun ragu. Ƙwarzanen da zai warke cikin kwana biyar a hannunki yana iya yin watanni a can.

Maganar ƙanwar maigidanki fa? Ban ga takardunki ba, amma babu abin da kika faɗa da ke nuna ganganci. Ana auna hasken da ma'aunin girei, kuma zama 25 da ƙari a wurin yanka tsari ne sananne da aka daɗe ana bi, yawanci girei 50 cikin mako biyar kafin ƙarin. Raba shi ɗin ma don kare fata aka yi. Bayan Wilhelm Rontgen ya gano hasken a Jamus a 1895, masu aiki da shi na farko sun sha wuya. Clarence Dally, mai taimaka wa Thomas Edison a Amurka, hannuwansa sun yi miki shekara da shekaru har aka yanke su, ya rasu a 1904. Sai a shekarun 1920 da 1930 Claudius Regaud da Henri Coutard a Faris suka nuna cewa in an raba hasken kaɗan-kaɗan kullum, lafiyayyen nama yana samun sararin farfaɗowa tsakanin zama da zama. Jelen da kika yi na makonni gadon wannan darasin ne. Ya rage illar ƙwarai, bai kawar da ita ba.

Akwai abubuwan da aka san suna ƙara yiwuwar taurin: ƙarin gashin da aka yi a wurin yanka, kimo, faɗin tiyatar, girman nono, ciwon suga, shan taba, da cututtukan da garkuwar jiki ke far wa fata da gaɓoɓi. Bayan duk wannan akwai halittar mutum. Mata biyu a injin ɗaya, ma'auni ɗaya, ɗaya ta fita sumul, ɗaya ta samu irin naki. Kuma kada taurin ya sa ki yi da-na-sanin gashin. Wani babban nazari da aka wallafa a 2011, wanda ya haɗa mata sama da 10,000 da aka cire wa ƙullutu aka bar nono, ya nuna cewa cikin shekara 10 ciwon ya dawo wa kusan 35 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa gashi ba, amma kusan 19 cikin 100 na waɗanda aka yi wa. Ba banza kika sha wannan wahalar ba.

Yanzu abubuwa biyu da nake roƙon ki daina daga daren yau.

Tawul da ruwan zafi. Na fahimci dabarar, abu ya yi tauri a sa masa ɗumi ya saki. Amma fatar da ba ta jin zafi sosai tana ƙonewa kafin ta faɗa miki, ga ta siririya, ga ba ta da jinin warkewa. Sai man haskaka fata. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin siteroyid mai ƙarfi, wanda aikinsa a fata shi ne sirantar da ita da jinkirta haɗewar rauni, wasu ma har da makuri, wani sinadari mai guba, a ciki. Baƙin da gashin ya bari daga ƙasa yake, irin wannan man ba zai goge shi ba, sai dai ya cinye ɗan kaurin da ya rage. Ba zan yi mamaki ba in waɗannan biyun suna da hannu a mikin. Ban faɗa don ki zargi kanki ba, ai ba wanda ya gaya miki.

Abin da wurin ke so ba shi da yawa. Sabulu marar ƙarfi, ruwa mai ɗan ɗumi, a tsane da tawul ba a goga ba. Man shafawa marar turare sau biyu a rana a kan fatar da ba ta fashe ba, ba a cikin mikin ba. Lanƙwasar ƙarƙashin nono ta zauna a bushe. Rigar mama ta auduga marar ƙarfe, wadda bakinta ba ya zama a kan mikin, don sau da yawa gugar wannan bakin ce ke fara ɓarnar. Kada ki manna filasta kai tsaye a fatar, cire ta kaɗai yana iya tafiya da sama. Ki kare wurin daga rana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saboda haka duk aikin shi ne kada fatar ta tsage.

Mikin da ya riga ya buɗe kuwa, abubuwa uku likita zai auna. Yana iya zama guga da danshi da ƙwayoyin cuta suka shiga, wanda shi ne mafi sauƙi. Yana iya zama gyambon gashi, wato naman ya gaza saboda ƙarancin jini. Yana kuma iya zama ciwon kansa, ko tsohuwar ta leƙo ta fata, ko wata sabuwa. Ba zan ɓoye miki ba, fatar da aka yi wa gashi takan haifi sabuwar kansa bayan shekaru, har da wata ta hanyoyin jini da ke fitowa kamar tabon duka, shuɗi-shuɗi ko ja mai duhu, ba tare da an bugu ba. Wannan ba ta kai ko kusa da mace ɗaya cikin ɗari ba, kuma yawanci sai bayan shekara biyar ko fiye. Na ambace ta ne don ki san abin da ido zai riƙa nema nan gaba. In likita ya ce zai tsakuri bakin mikin a gwada, ki yarda, ba alama ce ta ya ga mugun abu ba, haka ƙa'idar take. Amma a bar wa waɗanda suka san fatar gashi su yi, kuma daga yau har ƙarshen rayuwa duk wanda zai kawo wuƙa ko allura kusa da wurin ki fara gaya masa an taɓa yin gashi a nan.

In kafin ranar zuwanki kika ji zazzaɓi, ko wurin ya kumbura ya ɗau zafi, ko mugunya ko wari ko jini suka fito, ranar za ki tafi, ko da dare ne. Littattafai suna cewa a duba ja, amma a fata mai duhu jan yakan ɓuya. Ki sa bayan hannunki a nonon hagu, ki sa a na dama, ki ji wanne ya fi zafi.

Me za a iya yi wa taurin shi kansa? A nan zan yi miki magana ba kwaskwarima. Tabon da ya yi shekaru da wuya ya koma kamar da. Abin da ake nema shi ne ya yi laushi, jan ya ragu, kada ya ci gaba, fata kuma ta zauna a rufe. Wannan kuwa ana samu.

Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne likitan gashin ƙashi, wanda ya saba da masu kansar mama. (Sunan ne kawai ya zo ɗaya da gashin da aka yi miki, babu haske a nasa.) Zai koya miki miƙa tsokar ƙirji da kafaɗa, da yadda ake murza tabo a hankali ba tare da an ji wa fata ba. Aikin kullum ne, 'yan mintoci safe da yamma, na watanni, kuma in an daina jan yakan dawo. Mutane suna raina shi don ba ƙwaya ba ne ba allura ba, alhali kafaɗar da aka bari ta saba da rashin ɗagawa tana iya ƙagewa, sa riga ma ya zama aiki. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, naki kuma bai gama bushewa ba. Shi ne kuma zai auna hannayenki biyu, domin wadda aka cire wa kaluluwa aka kuma yi wa gashi tana iya samun kumburin hannu ko bayan shekaru. In zobe ko hannun riga ya fara matse ki a hagu, ko hannun ya riƙa nauyi da yamma, ki faɗa da wuri, akwai safar hannu mai matsi da tausa ta musamman da ke riƙe shi.

Akwai ƙwayar da ake kira fentoksifilin, wadda ke sauƙaƙa gudun jini a ƙananan hanyoyi, ana haɗa ta da bitamin E. Wata likita a Faransa, Sylvie Delanian, ta wallafa gwaji a 2003 a kan mata 24 da ya nuna haɗin yana rage faɗin taurin. Gwajin ƙarami ne, waɗanda suka biyo baya kuma sakamakonsu ya sha bamban, wasu sun ga amfani wasu ba su gani ba. Ana sha ne na watanni shida ko fiye, yana iya tayar da zuciya, kuma bai dace da kowa ba, musamman mai shan maganin tsinka jini. Ki tambayi likitanki a kansa, kada ki saya da kanki.

In mikin ya tabbata gyambon gashi ne kuma ya ƙi jin wanki da ɗauri, akwai ɗakin oksijin mai matsi, inda mutum ke shaƙar tsantsar iskar a matsin da ya ninka na waje sau biyu ko ɗan fiye, wajen awa ɗaya da rabi kullum, zama 30 zuwa 40, don sababbin hanyoyin jini su tsiro. Ba kowane asibiti ke da shi ba. Akwai kuma tiyata, a yanke mataccen naman a ɗauko lafiyayye daga baya ko ciki tare da jijiyar jininsa a rufe wurin, domin fatar gashi in aka ja ta aka ɗinke kawai takan sake buɗewa. Wasu ana ɗebo kitse daga wani sashen jikinsu a zuba a ƙarƙashin fatar, yana cike ramin yana kuma tausasa ta. Zaren jijiyoyin ba su da haɗari, ana goge su da leza in sun dami mutum, sai dai a fata mai duhu lezar tana iya barin nata tabon, don haka ni ba zan yi gaggawarta ba.

Saura maigida. Ban san shi ba, ke kika san shi. Amma mutumin da ya ga tiyata, ya ga kimo, ya ga gashi, da wuya taurin nono ya zama abin da zai kasa ɗauka, kuma mai yiwuwa ya daɗe da lura kina kashe fitila yana ta saƙe-saƙensa shi ma. In yana cikin masu tsoron cewa hasken yana zama a jiki, ki gaya masa gashin da ake yi daga injin waje ba ya barin komai, da an kashe injin ya ƙare. Taɓa wurin ba ya cutar da shi, ke ma ba ya cutar da ke in dai a hankali ne kuma an kauce wa mikin. Ki gaya masa kafin ranar asibiti, ki ce ya raka ki. In bakinki ya yi nauyi, miƙa masa wayar ya karanta wasiƙarki da kansa.

Tsoron jin kalmar nan kuwa ban raina shi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai ranaku biyun da kika tsallake, ciki har da hoton mama na shekara, su ne aka tanada don a kama abu yana ƙarami in akwai shi, a kuma sallame ki da kwanciyar hankali in babu. Kin yi shekara guda kina kwana da hukuncin da babu likitan da ya yanke miki. Kada ki ji kunyar komawa don kin ɓace musu, sun saba gani, ba ke ce ta farko ba. In an ɗora ki a kan ƙwayar hana dawowar ciwon ta kullum, ki ci gaba da sha, in kuma kin ajiye ta ki faɗa musu gaskiya.

Ki tafi da takardar sallamar gashin in tana hannunki, da kwalbar man nan da kike shafawa don su karanta abin da ke ciki. Kuma da yake na ga halinki a wasiƙa, na san za ki zauna ki yi ta bayanin tauri da launi da kafaɗa, sai kin miƙe za ki fita ki ce "af, akwai wani ɗan ƙurji". Ki juya tsarin. Da kin gama gaisuwa ki ce: "Likita, an yi mini gashi a nan shekara uku da suka wuce, ina da miki a ƙarƙashin nonon wata biyu bai warke ba." Sannan ki ɗaga ki nuna masa.